Dawa Ba Ta Cin Ƙarfe

Ni mutum ne da ba ya iya ciniki. Tun ina ƙarami, in Inna ta aike ni kasuwar Bukkuyum, duk abin da mai kaya ya faɗa shi nake miƙawa, in dawo gida a yi ta mini dariya. Ba rashin wayo ba ne. Na san kuɗin abin sarai, bakin ne ke ƙin buɗuwa. Saboda haka da na shiga makarantar horon malamai a Gusau, na ga abokan karatuna kowa da sana'arsa, wannan yana kabu-kabu da babur bayan darasi, wancan yana yawo da turare ɗaki-ɗaki, sai na san ba hanyata ba ce. Abin da nake so shi ne wani abu da zan ajiye a gida ya riƙa kawo ɗan kuɗin littafi da na sabulu, ni kuwa ina can ƙuryar ɗakin karatu, ba mai jin muryata. Baba ya rasu tun ina sakandare, kuma na gaji da ganin Inna tana kwance bakin zanenta duk ranar da zan koma makaranta.

Da zabi na fara. Da damina na sayi ƙwai na sa wa kajin Inna biyu, suka kwanta a kai, suka ƙyanƙyashe. Raɓa ta kashe wasu, shaho ya ɗauki wasu, waɗanda suka girma kuma suka bi zabin maƙwabta, ba su ƙara kwana gidanmu ba. Inna ta ce, "Kai kana Gusau, su suna gonar mutane. Duk kun yi gadon rashin zama gida."

Sai na koma cajin waya. Na sayi ɗan ƙaramin janareta na ajiye wa wani mai shayi a bakin hanya, a kan mu riƙa raba abin da aka samu. Duk zuwan da na yi, maganarsa ɗaya ce: mai ya cinye. Bayan zango guda ya miƙo mini janaretan yana tari kamar tsohon mashayin taba. Na karɓa. Har godiya na yi masa.

Abu ɗaya ne ya yi albarka, shi ma ba dabarata ba ce. Cikin gadon Baba an ba ni tumaki biyu, Inna ta kai su kiwo wurin wani dattijon Bafulatani da matarsa ke kawo mana nono tun ban san kaina ba. Bappa muke ce masa. Ƙa'idar sananniya ce, ba takarda ba shaida: in tunkiya ta haihu, wannan naka, na gaba nasa. Ban taɓa zuwa ƙidaya ba, shi ma bai taɓa ɓoye mini ko kofato ba. Ina shekara ta biyu a makaranta rabona ya kai takwas.

A nan ne Kawu ya shigo. Ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai baki, wanda in ya fara magana a majalisa har mai sauri sai ya tsaya. Ya same ni da hutu ina karatu a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya zauna, ya rufe mini littafin da hannunsa.

"Ɗan Inna, kai da ka son kuɗɗi su iske ka kana zaune, mi kaka yi da tumaki? Tunkiya sai ta yi wata biyar ta ba ka ɗa guda. Inji kuwa kullum haihuwa shikai. Dubi matan garin ga, har wancan ƙauye suka kai niƙa. Ka sayi inji, ni in tsare ma shi. Kai dai karatunka."

Gaskiya ne, ƙauyenmu ba injin niƙa. Na yi kwana uku ina juya maganar, ban ga ɓaraka ba. Na je ruga na gaya wa Bappa zan ɗauki tumakina. Bai yi gardama ba. Ya ware su ɗaya bayan ɗaya, amma da ya zo kan tsohuwar tunkiyar Baba sai ya riƙe ta.

"Wagga bar min ita, iri ta. Sauran naka na, tahi da su. Amma ka sani, dabba in ta ci abin da bai kamata ba, cikinta ka kumbura in gani. Ƙarfe komi anka ba shi ci shikai, ba shi kuka."

Na ɗauka maganar makiyayi ce da ba ya son rabuwa da garke. Muka sayar da bakwai, na haɗa da ɗan tallafin karatun da aka ba mu, muka sayo injin da aka taɓa amfani da shi a Gummi. Aka kafa masa rumfa jikin katangar gidanmu, bayan madafin Inna, don gidanmu ne na ƙarshe a gari, ƙarar ba za ta dami mutane ba.

Dole in faɗi lokacin da wannan ya faru, don kada wani ya ce ba a sani ba. Bayan shekarar da yara suka yi ta mutuwa ne a Yargalma da Tungar Daji da Duza. Kowa ya ji. Kowa ya san dutsen da ake haƙowa don zinari yana ɗauke da dalma, in aka niƙa shi cikin gida ƙurarsa ta shiga cikin yara, sai jijjiga, sai makanta, sai kabari. Rediyo ya faɗa, liman ya faɗa, mai gari ya sa an yi shela cewa ba a yarda a niƙa dutse cikin gari ba. Kawu yana wurin da aka yi shelar.

Yayata tana aure a can wajen, a wani ƙauye da abin ya taɓa. Da lokacin yaye ɗiyarta ya yi, ta kawo ta wurin Inna kamar yadda aka saba, amma ta roƙi a bar ta fiye da kwanakin yaye. Ina zaune ta faɗa. Ta ce, "Inna, ku riƙe ta har ta yi wayo. Garinku ba a niƙan dutse, hankalina ya fi kwanciya." Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba. Ta fara haɗa kalmomi, kuma cikin na farkon da ta iya har da sunan da take kirana da shi: Kawu. Ni ma ashe kawun wata ne.

Na koma makaranta. Watan farko direban motar garinmu ya kawo mini saƙon kuɗin niƙa daga Kawu, daidai yadda na zata. Wata na biyu ya ninka. Na uku ya fi haka. Na sayi ƙamus ɗin da na shekara ina leƙe a shago, na sayi takalmi, har na aika wa Inna turmin zane. Na riƙa jin kaina mai dabara. Ga abokaina suna ƙonewa a rana kan babur, ni kuwa abin yana zuwa ina zaune.

Amma ni mutum ne mai lura, wannan kam ba a raba ni da shi. Tare da kowane saƙo Kawu kan ce an cire na haƙoran inji, wato fayafayan ƙarfen nan biyu da ke murƙushe hatsi. Sau uku a zango guda. Akwai wani mai niƙa a bayan makarantarmu, na yi kwana biyu ina wucewa ta gabansa kafin na iya tsayawa. Na tambaye shi haƙora kan yi wata nawa. Ya ce in an sassaƙe su a kan kari sai su daɗe ƙwarai. Na ce to in suna cinyewa duk wata fa? Ya yi dariya, ya kakkaɓe gari daga gemunsa, ya ce, "Malam, dawa ba ta cin ƙarfe. Sai dai in tsakuwa ake zuba masa."

Na gane a take. Kuma ga abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina: sati uku na yi ban motsa ba. Ina da kuɗin mota. Ina da lambar Kawu. Sau da yawa na ɗauki waya na ajiye, don ban san yadda ɗa zai buɗe baki ya tuhumi ƙanen uwarsa ba. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila haƙoran jabu yake saye, wataƙila kuɗin yake ci. Har addu'a na yi Allah ya sa cutata kawai yake yi. Kunya ce, in ji mutane, kuma suna yabona da ita. Sati uku yarinya tana shaƙar abin nan saboda kunyata.

Yajin aikin malamai ne ya kore mu gida, ba ƙarfin halina ba. Na sauka a bakin hanya bayan azahar, ban aika ina tafe ba. Tun daga nesa na ji ƙarar. Na san kukan inji in yana cin dawa, wani gurnani ne mai laushi. Wannan kuwa ƙara ce mai kaifi, kamar ana jan faranti a kan dutse. Da na matso sai na ga katangar gidanmu ta sake launi, ta yi fari-fari da ja-ja har saman madafi. Buhuna a jingine, wasu baƙi uku zaune a kai, fuskokinsu kamar an shafa toka. Kawu yana tsaye da kwano yana zuba dakakken dutse a bakin injina.

Yarinyar tana zaune a ƙofar gida, taku kaɗan daga rumfar. Ta tara ƙurar nan a murfin kwano tana tuwon wasa. Tana ganina ta miƙo mini hannu, yatsunta fari fat, bakinta ma haka.

"A'a, malam ɗan boko!" in ji Kawu, yana ɗaga murya saman ƙarar. "Ba ka aiko kana tahe ba."

Na ce, "Kawu, mi kuka niƙa?" Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Dawa ta, ba ka gani? Dawar ƙarƙashin ƙasa." Baƙin suka kwashe da dariya.

"An hana."

"Cikin gari anka hana. Nan bakin gari na. Kuma kai, kana ganin ban san aikina ba? Hatsin mata da sahe, dutse da rana. In na ƙare sai na zuba dussa kwano biyu ta wuce ta share shi tas, awa yadda akai in an niƙa barkono. Ka taɓa jin yaji cikin garin kunu?"

Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan, har gobe. Da gaske yake. Duk mai niƙa ya san wannan dabarar: in ka gama kayan yaji, ka bi da dusa ta kwashe saura, sai ka zuba hatsi. Shi a wurinsa dalma wani irin barkono ce. Tunda harshe bai ji ba, to babu. Da wannan ilimin ya riƙa niƙa wa gari guda tuwon darensu, watanni.

Na ce, "Dalma ba yaji ba ce."

"To mi ce? Ka gan ta? Nuna min ita." Ya ajiye kwanon, ya matso. "Bari in tambaye ka. Littattafan da kaka karantawa har ka san dalma, da mi anka saye su? Da kuɗɗin niƙan gero? Takalmin ga na ƙafarka, gero ya saye shi? Ka ci, ka ƙoshi, yanzu ka zaka kana wa mutane wa'azi."

Gaskiya ya faɗa. Baƙin suna kallona. Sai na zagaya bayan injin na kashe shi. Na cire bel ɗin da ke juya shi na rataya a kafaɗa, na ɗauki yarinyar, na shige gida. Ina ji ɗaya daga cikin baƙin yana cewa sun riga sun biya, Kawu yana ce masa, "Ƙyale shi, yaro na, yanzu shi huce."

Inna tana madafi. Ta dubi bel ɗin, ta dubi yarinyar, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Inna, kun sani?"

"Na ji kukan ya sake. Yac ce min masara ta busassa. Da nig ga buhunan, sai yac ce kuɗɗin karatunka na, in na hana, kai ni hana. Kuma ya rantse min yana wanke shi." Sai ta ƙara da cewa, "Awaki biyu sun mutu. Su ka cin dussar."

Da sunana aka rufe mata baki. Wannan ne ban yafe ba. Ya san Inna za ta iya hana ƙanenta komai, amma ba za ta iya tsayawa tsakanin ɗanta da makaranta ba, sai ya jingina buhunansa a daidai wurin.

Muka wanke yarinyar sau biyu. A nan Inna ta gaya mini kwanan nan ba ta son abinci, tana yawan kuka, kuma maganar da ta fara ta ragu. Sun ɗauka kewar nono ce.

Washegari na goya ta a babur, Inna a baya, muka kama hanyar Anka, inda likitocin agaji ke duba yaran da gubar ta kama. Aka ɗebi jininta. Muka zauna a benci tare da wasu iyaye. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya ta ce dalmar tana da yawa, dole a fara ba ta magani, kuma za a daɗe ana yi. Ta ɗauko takarda ta fara tambaya: wane gari, ana niƙan dutse a gidan, tun yaushe. Sannan ta ce, "Injin na wane ne?"

Inna ta buɗe baki, na riga ta. Na ce nawa ne. Na ce kuma da shi ake niƙa wa duk garin hatsi. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka gaban baƙuwa ba. Na faɗi watannin, na faɗi dusar, na faɗi awakin, na faɗi sati ukun da na yi shiru. Ta rubuta abin da take bukata, ta bar sauran.

Yayata ta iso da la'asar. Na shirya wa zagi, har na so ta zage ni. Ba ta yi ba. Ta karɓi ɗiyarta ta rungume, ta daɗe tana shinshina kanta, sannan ta dube ni ta ce, "Daga can nid ɗauke ta, don ta tsira." Shi ke nan abin da ta ce.

Bayan kwanaki ma'aikatan suka zo ƙauyenmu. Aka gwada yara, aka sami wasu da ke bukatar magani. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Aka kankare ƙasar gidanmu da ta rumfar da ta ƙofar gida, aka zuba a buhuna, aka haƙa rami can bayan gari don a binne. Kana tsammani mutane za su fusata da wanda ya ba 'ya'yansu dutse a tuwo? Wasu matan sun fusata, sun faɗa a tsakar gidajensu inda ba mai ji. A majalisa kuwa maganar da ake yi daban ce: ɗan boko ya tona wa kawunsa asiri, ya jawo wa gari baƙi da abin kunya, ga shi yanzu mata sun koma kai niƙa wancan ƙauye.

Ana cikin haka Kawu ya zo da mai saye. Wani bawan Allah ne daga wajen Gummi, yana so ya kafa wa matarsa injin niƙan hatsi a gida. Kawu ya ja ni gefe, muryarsa ta koma zuma kamar ranar farko.

"Ɗan Inna, abin da ya wuce ya wuce. Kar ka yi hasara biyu. A wanke shi da toka da ruwan zahi, a sa sabbin haƙora, wa ka sani? Ka maida tumakinka."

Na dubi mutumin. Yana ta shafa injin yana murmushi, yana cewa maiɗakinsa za ta ji daɗi. Na tambaye shi ko yana da yara ƙanana. Ya ce huɗu. Na gaya masa abin da injin ya ci. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya yi sallama ya tafi.

Ranar da za a rufe ramin, na kwance kan injin, wato duk ɓangaren da dutse ya bi, na ɗora a amalanke na kai, na roƙi ma'aikatan su haɗa da shi. Suka haɗa. Mashin ɗin da ke juya shi kawai na sayar, bayan an wanke, kuma yadda mai saye ya taya haka na sallama. Da kuɗin muka yi ta zirga-zirgar Anka. Har yau akwai masu nuna ni a garinmu suna cewa ga wanda ya binne arzikinsa da hannunsa.

Kawu kuwa ba abin da ya same shi. Ya koma daji inda masu haƙa suke, ya sayi injinsa, ya sayi babur, ya sake rufin gidansa da kwano. Da Sallah ta zo dattawan dangi suka kira ni suka ce in je in ba shi haƙuri, don na kunyata babba gaban baƙi. Ni ne zan ba da haƙuri. Na je, saboda Inna. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa barka da Sallah, na tashi. Kalmar da suke jira ba ta fito ba. Ya ce wa mutane har yanzu yaron kunya gare shi. Na bar su a haka.

Tsohuwar tunkiyar da Bappa ya riƙe ta ci gaba da haihuwa. Da na je ruga bai ce mini ai na gaya maka ba, nono kawai ya sa aka kawo mini. Na ce masa daga yau duk abin da ya faɗo rabona na yarinyar ne. Ya ce to.

Ta rayu. Maganarta ta dawo, amma a makare, kuma a hankali. Yanzu tana firamare, ta girmi 'yan ajinta. Abin da yaro zai ji sau ɗaya ya riƙe, ita sai an maimaita mata sau biyar, gobe kuma a sake daga farko. Malaminsu ya taɓa ce wa yayata yarinyar ba ta da kai. Ba wanda zai iya rantse mini cewa dalmar ce, ba kuma wanda zai iya rantse mini cewa ba ita ba ce.

Duk hutu nakan je in ɗauko ta. Mu zauna gindin darbejiyar nan, inda aka taɓa rufe mini littafi, in buɗe mata nata. Takan bi layi da yatsa, ta kai tsakiya, ta tsaya, ta ɗago kai.

"Kawu, sake."

Sai in sake.